Makaho Tom: bawan da ya cika gidajen kallo da kiɗa, wasu suka kwashe kuɗin

 A filinmu na tarihin mutanen da sunka riga mu gidan gaskiya, yau za mu ƙetare teku har Amurka. Kada nisan ya ruɗe ku, don abin da ya kai mu can yana nan cikin garuruwanmu.

Daga Bangi zuwa Karofan, daga Tamaske zuwa Ibohaman, da wuya a samu garin da babu wani yaro da kowa ya sani. In an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya kallon idon mutum. Yakan koma gefe yana kaɗa jiki, ko yana juya murfin kwano tun hantsi har azahar. Wani daga cikinsu kuma, in ya ji waƙa a rediyo sau ɗaya tak, gobe za ka ji ta a bakinsa daga farko har ƙarshe, alhali bai iya buɗa baki ya ce yana jin ƙishirwa ba. Wasu su ce wawa ne, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, wasu kuma su ɗora wa uwar laifi.

To, mutumin da munka ɗauko muku yau irin wannan yaron ne. Sunansa Thomas Wiggins, amma duniya ta san shi da Blind Tom, wato Makaho Tom. Baƙar fata ne kamarmu, an haife shi bawa, kuma ya zama ɗaya daga cikin makaɗan da suka fi suna a Amurka a zamaninsa.

Jaririn da aka bayar gyara

An haifi Tom ranar 25 ga watan Mayu 1849, a gonar wani Bature mai suna Wiley Jones, a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka. Sunan uwarsa Charity, ubansa kuma Domingo, ana ce masa Mingo. Dukkansu bayi ne, jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka cikin jiragen ruwa. A wancan lokaci doka ta ɗauki bawa tamkar dukiya, kamar sa ko jaki, ana saye ana sayarwa, ana raba uwa da ɗa ba tare da an tambaye ta ba.

Yaron ya zo duniya makaho. Ga mai bayi, wannan asara ce, don makaho ba zai tsinki auduga ba, ga shi kuma baki ne da za a ciyar. A shekarar 1850 aka sayar da iyayen ga wani lauya kuma mai gidan jarida na garin Kolombus, James Neil Bethune, wanda ake kira Janar. Jaririn kuwa ba a sa masa kuɗi ba. Kun san yadda mai albasa ke ƙara maka ƴan biyu uku bayan kun gama ciniki? Haka aka yi da Tom, gyara aka ba da shi.

Da ya fara tasawa, sai aka lura ba makanta ce kaɗai ke gare shi ba. Ba ya wasa da yara yadda aka saba. Duk hankalinsa yana ga sauti. In aka bar shi cikin ɗaki shi kaɗai, sai ya yi ta bugun tukwane, ko ya yi ta jan kujera a ƙasa don ya ji ƙararta. Yana kwaikwayon carar zakara da kukan tsuntsaye har mutum ya kasa bambancewa. Kafin ya wuce shekara 4, yana iya maimaita hirar manya ta kusan minti goma, kalma bayan kalma, da irin muryar kowane mai magana. Amma in abinci yake so ko wani wuri ke masa ciwo, sai gurnani da nuni da hannu. Maganar wasu tana zaune daram a kansa, tasa ce ta ƙi fita.

Yadda ya haɗu da fiyano

A gidan Bethune akwai fiyano. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, wani babban akwatin katako ne mai jerin maɓallai farare da baƙaƙe, na yanzu guda 88 gare shi, kowane da irin amon da yake bayarwa in an danna. Ƴan matan gidan suna koyon kaɗa shi, Tom kuma yana raɓe yana saurare. Da ya samu ya kai hannunsa ga maɓallan, sai mutanen gidan suka ji kiɗan da ƴaƴansu suka daɗe suna fama da shi yana fitowa daga yatsun ɗan baiwarsu makaho, wanda ba wanda ya taɓa koya masa ko harafi ɗaya. Lokacin yana da shekara 4.

Yana ɗan shekara 5 ya tsara kiɗa na kansa, bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka yi. Ya kwaikwayi faɗuwar ruwa bisa rufin kwano, da iska, da tsawa. Duk wanda ya taɓa kwana cikin ɗakin kwano a watan Agusta ya san amon da yaron ya ji. Mu mun saba da shi har ba mu kula, shi kuwa ya ɗauke shi ya zuba cikin kayan kiɗa.

Bethune lauya ne, ya san kuɗi in ya gan su. Ya ba yaron ɗaki kusa da babban gida, ya sa masa fiyano, ya samo masu kaɗa masa sababbin kiɗe-kiɗe don ya hardace. Wani maƙwabcinsu ya ba da shaida daga baya cewa yaron yakan kwashe kusan awa 12 a rana yana kiɗa. A shekarar 1857, yana da shekara 8, aka fito da shi gaban jama'a a Kolombus, aka karɓi kuɗin shiga.

Daga gari zuwa gari

Daga nan Bethune ya ba da hayarsa ga wani mai shirya wasanni, Perry Oliver, na tsawon shekara 3 a kan dalar Amurka 15,000. Ku lura, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Oliver ya yi ta yawo da yaron gari gari, wata rana har wasa huɗu. An ƙiyasta cewa a wasu shekarun kuɗin da ya shigo ta dalilinsa ya kai dala 100,000, abin da babu wani mai kaɗa fiyano na zamanin da ya samu.

Me mutane ke biyan kuɗi su gani? Akan ce duk mai ƙwarewa a cikin ƴan kallo ya hau ya kaɗa wani kiɗa sabo, ko da nasa ne da bai taɓa fitarwa ba. Tom na saurare, yana kaɗa kai, yana murza hannu. Mutumin na tashi, sai ya zauna ya maimaita. Yakan kaɗa waƙa ɗaya da hannun dama, wata daban da hagu, yana rera ta uku da baki, duk a lokaci guda. Yakan juya wa fiyanon baya ya miƙa hannu ya ci gaba da kiɗa. Ya taɓa jin jawabin wani ɗan siyasa, Stephen Douglas, sai ya riƙa maimaita shi shekaru bayan haka, har da ihun ƴan adawa da tafin magoya baya. Yana maimaita magana cikin harsunan da bai san ma'anarsu ba. Masu tallarsa sun ce ya hardace kiɗa wajen 7,000.

Yana kuma da halayen da ƴan kallo ke dariya a kai. Yakan tsaya da ƙafa ɗaya yana juyi. In ya gama kiɗa shi ne farkon mai yi wa kansa tafi. In zai yi zancen kansa sai ya ambaci sunansa, kamar wani yake nufi. Oliver bai ɓoye waɗannan ba, su ya mayar abin talla. A takardun da yake mannawa yana kamanta yaron da dabbobi, yana nuna wai jiki ne marar hankali da wani abu ya shiga yake kiɗa ta cikinsa. Wasu Turawan ma sun yarda cewa fatalwa ce ke amfani da hannunsa. Kun ji, zancen iskoki ba a Adar kaɗai ake yinsa ba.

A shekarar 1860, yana ɗan kimanin shekara 11, aka kai shi fadar shugaban Amurka, ya yi kiɗa gaban shugaba James Buchanan. Ana lissafa shi a matsayin baƙar fata na farko da aka gayyata ya yi wasa a wannan fada. Ya shiga bawa, ya fito bawa.

An ƴanta bayi, ban da shi

A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin arewacin Amurka da jihohin kudu masu son ci gaba da bauta. Bethune yana cikin na gaba gaba wajen kiran kudu ta ɓalle. Sai aka riƙa shirya wasannin Tom ana tara kuɗi don taimaka wa sojojin kudu, wato masu yaƙi don irinsa su dawwama cikin bauta. Shi bai san me ake ciki ba. Wannan ya sa wasu jaridun baƙar fata suka ƙi yabonsa, ko da yake laifin ba nasa ba ne.

A cikin yaƙin ya tsara kiɗansa da ya fi shahara, a kan gwabzawar da aka yi a Manasas cikin watan Yuli 1861. A ciki ana jin gangar sojoji tana matsowa daga nesa, ana jin sarewa, sai ya dunƙule hannu ya daki maɓallan ƙasa su ba da ƙarar igwa, yana kuma yin kukan jirgin ƙasa da bakinsa. Wannan ya nuna ba maimaici kaɗai ba ne, yana ƙirƙira.

Da Bethune ya hango kudu za ta sha kaye, sai ya yi dabara irin ta lauyoyi. A 1864 ya sa iyayen Tom suka amince da wata takarda da ta bar yaron a hannunsa na shekara 5. A takardar an ce za a ba Tom abinci, wurin kwana da dala 20 a wata, iyayen kuma dala 500 a shekara. Mafi yawan abin da ya rage na Bethune ne. Iyayen bayinsa ne a lokacin, to ta ina za su ce a'a?

Yaƙi ya ƙare a 1865, a watan Disamba na shekarar aka haramta bauta a duk faɗin Amurka. Mutane wajen miliyan 4 suka samu ƴanci. A wannan shekarar wani baƙar fata mai shirya wasanni, Tabbs Gross, ya kai ƙara kotu a garin Sinsinati yana cewa shi ya kamata a ba Tom. Alƙali ya bar shi a hannun Bethune. A 1866 aka kai shi Turai, ya yi wasa a Ingila da Faransa, manyan malaman kiɗa irin su Ignaz Moscheles da Charles Hallé suka gwada shi suka rubuta shaidar baiwarsa. Shahararren marubucin nan Mark Twain ya gan shi a 1869, shi ma ya yi rubutu a kansa.

A 1870 Tom ya cika shekara 21, lokacin da doka ta ce mutum ya mallaki kansa. Nan ma aka sake komawa kotu, a jihar Birjiniya inda iyalin Bethune suka koma. Aka sa alƙali ya yanke cewa Tom ba shi da hankalin riƙe kansa, aka naɗa John Bethune, ɗan Janar, ya zama waliyyinsa. Gaskiya ne Tom na bukatar mai kula da shi, don bai san lissafin kuɗi ba, bai iya tafiya shi kaɗai ba. Amma uwarsa tana raye, ba a ba ta ba. Aka ba wanda ke cin kuɗin. John ya yi ta kashe dukiyar wajen jin daɗi da dawakin sukuwa. An ƙiyasta abin da gidan Bethune ya samu daga Tom ya kai dala 750,000.

Daga 1875 aka haɗa shi da wani malamin kiɗa a birnin Niyu Yok, Joseph Poznanski, wanda ya shekara 9 yana rubuta abin da Tom ke tsarawa. An buga wasu daga ciki da sunayen aro irin na Turawa.

Uwa ta je kotu

A 1882 John Bethune ya auri wata mata, Eliza Stutzbach. Auren bai yi daɗi ba. A 1884 John ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa, aka buɗe wasiyyarsa aka ga bai bar mata komai ba. Tom kuma ya koma hannun tsoho Janar. Sai Eliza ta tuna akwai wata tsohuwa a Jojiya wadda ta fi kowa haƙƙi a kan Tom. Ta nemo Charity, suka shigar da ƙara da sunan uwar.

An yi shekaru ana shari'a. A 1887 kotun tarayya ta umarci Janar Bethune ya saki Tom. Jaridu suka yi ta kiransa bawa na ƙarshe a Amurka, don shekara 22 ke nan da haramta bauta. Yana da shekara 38.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a jaharmu ta Tawa. Nijar ta sa dokar hukunta bauta a 2003, amma sai da Hadijatu Mani, wadda anka sayar tana da shekara 12 a kan jika 240 a yankin Ƙonni, ta kai har kotun CEDEAO, kafin a ranar 27 ga Oktoba 2008 a tabbatar mata da gaskiyarta, a ce a biya ta sefa miliyan 10. Ita tana da bakin da za ta faɗi abin da anka yi mata. Tom ba shi da shi.

Kuma nasarar Charity ba ta je ko'ina ba. Ta bi ɗanta Niyu Yok tana tsammanin za su zauna tare, ta samu abin da za ta rufa wa kanta asiri. Ashe Eliza tsani ta yi da ita. Riƙon Tom ya koma hannun Eliza, wadda daga baya ta auri lauyan da ya yi mata shari'ar, Albrecht Lerche. Da tsohuwa ta ga ba za a cika mata alkawari ba, sai ta koma Jojiya. Ta mutu nesa da ɗanta. Shi kuwa Tom, ubangida kawai ya sauya. Aka ci gaba da yawo da shi. Rabuwa da mutanen da ya saba da su tun yana jariri ma ta dame shi ƙwarai, don masu irin halinsa ba sa son a sauya musu abin da suka saba.

A 1889 aka yi wata babbar ambaliya a garin Johnstown, aka baza jita-jita cewa ya mutu a ciki, alhali yana raye. A 1903 ya koma yin wasa a gidajen nishaɗi na talakawa. A ƙarshen 1904 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, wasa gaban jama'a ya ƙare. Ya ƙarasa kwanakinsa a gidan Eliza a garin Hoboken, ba a cika ganinsa ba, sai dai maƙwabta su ji amon fiyano dare da rana. Ya rasu a watan Yuni 1908 yana da shekara 59. Aka binne shi a maƙabartar Evergreens ta Burukilin, ba ko alama bisa kabarin. Mutumin da ya tara wa wasu dubban ɗaruruwa bai bar gida ba, bai bar gona ba. Sai wajen shekarar 2000 wani makaɗi, John Davis, ya ɗauki kiɗe-kiɗensa a faifai, aka fara tunawa da shi, a 2002 aka kafa dutse mai sunansa a kabarin.

Abin da likitoci suka gane daga baya

A zamanin Tom babu sunan abin da ke tare da shi. A 1887, shekarar da aka yi waccan shari'a, wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya yi bayanin mutanen da ke da rauni a fannoni da yawa amma suna da baiwa ta ban mamaki a fanni guda. Sai a 1943, shekara 35 bayan rasuwar Tom, wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu hali iri ɗaya, daga nan aka san lalurar da likitoci ke kira otizim. A gidajen rediyon Hausa za ku ji ana cewa galahanga, ko da yake mutane na amfani da kalmar ga wasu lalurorin ma. Masana na baya, irin su likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks, sun karanta abin da aka rubuta kan Tom, suka ga alamunsa sun dace da wannan lalura.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, tun yaro yana ciki. Gado na da babban hannu a ciki. Ba a ɗaukarsa wurin wani. Bincike mai yawa ya tabbatar allurar rigakafi ba ta kawo shi, kuma ba rashin tarbiyyar uwa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, an kuma fi gano shi ga maza. Alamunsa sukan bayyana kafin shekara 3: yaro ba ya waiwayowa in an kira shi alhali kunnensa lafiya lau, ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, magana ta yi jinkiri ko ya riƙa maimaita abin da aka ce masa, yana yawan kaɗa hannu ko juyi, ƙara mai ƙarfi na firgita shi, in an sauya masa kwano ko hanya sai rigima. Wasu na haɗawa da farfaɗiya, ita kuwa tana da magani a likita.

Lalurar hawa hawa ce. Wani zai yi lakwal, ya yi sana'a, ya yi aure. Wani zai bukaci mai kula da shi har tsufa. Irin baiwar Tom kuwa ba kowa ke da ita ba, masu bincike sun ƙiyasta kusan 1 cikin 10 ne ke nuna wani abu makamancinta, ko a kiɗa, ko lissafi, ko zane, ko sanin ranakun kalanda, kuma masu kaiwa matsayinsa ƴan ƙalilan ne a duniya. Babu ƙwayar da ke warkar da otizim, duk wanda ya ce muku yana da ita a kwalba kuɗinku yake so. Abin da ke taimako shi ne a gane da wuri, a riƙa yi wa yaro magana gajera a fili, a tsara masa yini iri ɗaya, a koya masa abu ɗaya ɗaya da haƙuri, kamar wanke hannu, sa riga da nuna abin da yake so.

Mu dawo gida

Mu Hausawa mun san makanta ba ta hana baiwa. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma har yau ana rera Imfirajinsa. Amma shi ya san abin da yake yi, sunansa na bisa aikinsa. Tom an ba shi baiwa, ba a ba shi hanyar kare kansa ba, shi ya sa duk wanda ya riƙe hannunsa ya riƙe aljihunsa.

Tambayar da munka zo da ita ke nan. Yaron da ke gidanmu, wa ke riƙe da hannunsa? Muna ganin yadda wani zai zo ya ce a ba shi yaro mai lalura ya tafi da shi birni, wai a nema masa magani, ashe bara za a sa shi, a aiko wa iyaye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Muna ganin wanda ake tara wa yara a bakin kasuwa a ce ya maimaita waƙa ko ya faɗi lissafi a yi dariya. Muna jin labarin wanda anka ɗaure da mari, ko ake duka don a fitar da iska. Duk wanda ya ji haushin Perry Oliver yau, to ya duba waɗannan.

Akwai kuma sauran tara cikin goma, waɗanda ba sa kiɗa, ba sa lissafi. Da Tom bai taɓa fiyano ba, da ba wanda zai rubuta sunansa, kuma da darajarsa ta ɗan Adam tana nan yadda take. Kada mu jira sai yaro ya nuna abin mamaki kafin mu ba shi fura a kan lokaci.

Iyaye, in kun ga alamun da munka lissafa, ku fara da gidan likita mafi kusa, a duba kunnen yaron da lafiyarsa, in da bukata a tura ku gaba, don ƙwararrun sun fi yawa a manyan birane irin Yamai. Malaman lakwal da na allo, in an kawo muku irinsa ku ba shi wuri nesa da hayaniya, ku hana yara tsokanarsa. Maza, kada ku bar uwa ita kaɗai da ɗawainiya da gorin kishiyoyi. Ku kuma ƴan uwa da ke waje, in za ku aiko kuɗin cefane, ku tambayi lafiyar yaron da sunansa, ku sa kuɗin motar kai shi likita a ciki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don tunawa da masu wannan lalura, tun daga 2008.

Wanda ke da irin wannan yaro a gida kuma yana son a tattauna, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, ba sai ya faɗi sunansa ko na garinsu ba. Allah ya ba iyaye haƙuri da ladan riƙo, ya raya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa a fili na gaba, mu kwana lafiya.